Rawar Ruwan Zafi

Duk wanda ya ce muku wani gwanin rawa ne ya tsara mana rawar nan ta Ruwan Zafi, ku ce masa Zailani ya ce ƙarya yake yi. Ni na buga gangunan waƙar, ni kuma na kwana rubda ciki bayan ɗaukar bidiyon, don haka a bakina za ku ji gaskiya.

Mu uku ne a ƙungiyar. Akwai Kure ɗan Kagoro, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, shi ke rubuta waƙa yana kaɗa jita. Akwai Louisa, ma'aikaciyar wani otal a unguwar Deira ta Dubai, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Sai ni, direban motar ɗaga kaya a wani sito a Dubai Investments Park. Kiɗan rok muke yi da Hausa, irin wanda jita ke kururuwa har maƙwabta su buga bango.

Mahaifin Kure, Baba Sanda, ya tsufa yana kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan cocinsu, kuma shi ya fara ɗora yatsun Kure a kan tsirkiya. Da muka gama waƙarmu mai suna "Ba Barci Muka Zo Yi Ba", Baban ne Kure ya fara tura wa. Amsar ta zo a saƙon murya, muna zaune muka ji ta.

"Kure, wannan kiɗa ne ko injin niƙa? Waƙar da ƙafa ba ta amsa ba hayaniya ce. Ranar da ka ga na taka rawa da wannan abin, ranar ka kira kanka makaɗi."

Kure ya yi dariya, amma dariyar ta fi kuka ciwo. Ya rataye jitar, ya daina ko kallonta. Na ji haushin tsohon nan ƙwarai, ban ɓoye ba.

Louisa ce ta ƙi yarda a binne waƙar. Ta samo mana Izzuddeen, wani ɗalibi da bai daɗe da sauka daga Kano ba, wanda ya taɓa riƙe kyamara a wajen masu shirya fim. Shi kuwa ya kafe cewa bidiyon waƙa ba ya cika sai an jiƙa mawaƙa da ruwan sama. A Dubai, a watan Agusta! Muka yarda za a yi a saman benen da Kure yake haya a unguwar Al Nahda, ranar Lahadi bayan su Kure sun taso daga coci, wato da tsakar rana.

"Ka tari ruwan tun jajibiri a durom, ka ajiye a cikin ɗaki ya huce," in ji Kure.

"Khalas, babban yaya, an gama," in ji Izzuddeen.

Ashe a ransa cewa ya yi ruwa ai ruwa ne, me zai sa ya yi ta hawa bene da bokiti? Sai ya jona tiyo da tankin da ke saman benen, kamar yadda ake yi a gida, ya ɗaure bakin tiyon a jikin ƙarfe. Baƙo ko da ido makaho ne. Bai san ruwan tankin da ya wuni a ranar Dubai ba abin wanka ba ne, na figar kaza ne.

Muka jera, waƙa ta tashi daga lasifika, muna bi da baki. Da aka iso amshi ya buɗe famfo.

Jama'a! Na wuntsila daga kan kujera da sanduna a hannu. Kure ya ɗage ƙafa ɗaya, ya sauke, ya ɗage ɗayar, ya maƙale kafaɗa, amma bai saki jitar ba. Louisa tana tsalle tana kaɗe bayan wuya, kuma don taurin kai ba ta bar baiti ko ɗaya ya wuce ta ba.

"Yalla! Haka nake so!" Izzuddeen yana ihu a bayan kyamara. "Wallahi kun iya, ku ci gaba!"

"Kashe ruwan nan, ɗan nema!" in ji Louisa. Idan kun lura da bakinta a bidiyon za ku gani.

Kure ya ce a goge, ya isa abin kunya. Louisa ta ce ba ta ƙone a banza ba, ta saka shi a intanet.

Ma'aikatan Dubai ne suka fara ɗauka. 'Yan Pakistan, 'yan Filifin, 'yan Uganda, duk wanda ya taɓa buɗe famfon wanka da rani a garin nan ya gane tsallen tun kafin a fassara masa kalma ɗaya. A sitonmu sai na ga ƙarti suna ɗage ƙafa suna maƙale kafaɗa idan na wuce. Daga nan waƙar ta tsallaka gida. Aka manta sunan da muka ba ta, kowa Ruwan Zafi yake cewa. Aka taka ta a bukukuwan Kaduna da Jos da Kano, samari suka fara neman jita mai kururuwa suna turo mana nasu waƙoƙin. Aka gayyace mu wasa a manyan wurare. Amma daga Kagoro shiru kake ji, kuma na san duk tafin da ake mana bai kai wa Kure inda yake masa ƙaiƙayi ba.

Bana aka yi bikin ƙanwarsa Promise, shi kuma bai samu hutu ba. Muka taru a ɗakinsa da yamma muna kallon bikin ta waya. Can sai muka ji jitar Kure ta tsage filin. Matasa suka zubo. Mai riƙe da wayar ya juya ta wajen manyan baƙi, sai ga Baba Sanda ya miƙe. Ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa, ya tattare babbar riga, ya ɗage ƙafa ɗaya, ya sauke, ya ɗage ɗayar, ya maƙale kafaɗa. Fili ya kaure da guɗa.

Ya matso har fuskarsa ta cika wayar, yana haki.

"Makaɗi! Kana kallo kuwa?"

"Ina kallo, Baba," in ji Kure, hawaye na zuba har kan rigarsa.

"To ka gaya wa mai gangar nan ya rage sauri, gwiwata ba ta yara ba ce."

Na ce masa na ji, Baba. Amma ban rage ba har yau.