Fetur Ba Ruwa Ba Ne

Babanmu ya daɗe a ma'aikatar ruwa kafin ya dawo ma'ajiyar man fetur, inda nake aiki a ɗakin gwaji. Mutum ne mai tsantseni, ko tsinke ba ya bari a ƙasa, amma in ya riƙe abu a kansa sai dai ka yi haƙuri. Abin da ya riƙo daga can shi ne, lita ɗaya kilo ɗaya ce. Kuma da gaskiyarsa, a ruwa haka lissafin yake.

A makon nan aka canza masa mita. Tsohuwar lita take ƙirgawa, sabuwar kuwa nauyi take nunawa, kilo kaza a minti. Wanda ya zo haɗa ta ya ɗaure kusoshinsa ya kama gabansa, ko uffan bai ce wa kowa ba.

Da rana na leƙa rumfar famfo in kai masa maganin hawan jini da ya mance a gida. Na same shi a kan benci ya miƙe ƙafa, famfo yana ta gurnani, yana tura mai daga babban tanki zuwa ƙaramin.

"Baba, yau hutu ake yi?"

"Da saura, 'yar nan," in ji shi. "Wurin lita dubu ashirin da huɗu ya rage a tankin. Ga mita nan, ɗari shida a minti. Minti arba'in ke nan. Yanzu na ɗan haura talatin."

Na matsa na dubi mitar. A gefen lambar, da wasu 'yan mitsi-mitsin baƙaƙe, an rubuta kilo.

"Baba, wannan kilo ce fa, ba lita ba."

"To, ai duk ɗaya ne."

"A ruwa! Fetur bai kai ruwa nauyi ba. Litarsa ɗaya kashi uku cikin huɗu ne na kilo. Kilo ɗari shida lita ɗari takwas ke nan. Tankin nan a minti talatin zai cika."

Ya dubi agogonsa, ya dube ni. Bai kai ga buɗe baki ba warin ya iso mana. Warin fetur ba baƙonmu ba ne, da shi muke karyawa, amma wannan daban yake, mai kauri, har sai da na ji shi a harshe.

Muka fito. Mai yana ambaliya daga saman ƙaramin tankin, yana zubowa ta ko'ina, ya riga ya kwanta a kan siminti. Baba ya koma da gudu ya kashe famfo, amma zubar ba ta tsaya ba, don babban tankin a kan tudu yake, man yana gangarowa da kansa. Sai an rufe bututun da hannu, kuma makullinsa a gindin tankin yake, daidai inda man yake zuba.

"Je ki hana kowa ta da mota," ya ce da ni. Ya cire wayarsa ya ajiye a benci, ya tuɓe takalmi don gudun tartsatsi, ya nufi gindin tankin.

Tiririn fetur ba ya tashi sama. Ƙasa yake bi, yana rarrafe yana cika duk wani kwari, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ina ganin iska tana rawa a saman siminti, tana tafiya wajen layin motocin dakon mai. Motar da ke gaba a layin kuwa yayana ne direbanta.

Na hango shi ta gilashi, ya waiga ya ga abin da ke faruwa. Na san abin da zai yi, don duk direban kirki shi zai yi: ya ta da mota ya fitar da ita daga wurin. Na wurgar da takalmana na sheƙa. Na buɗe baki in yi ihu, tiririn ya shaƙe ni, sai tari. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan gudun ba. Ƙafata tana taka danshi, idona yana kan hannunsa, ya sa makulli a rami.

Na ɗare matakalar na finciki ƙofa, na faɗa kan cinyarsa na damƙe hannun da makullin gaba ɗaya.

"Ke, kin haukace ne? Sake ni in fitar da motar!"

"Yaya, kada ka murɗa."

"Mai ne a bayana, in wuta ta kama fa?"

"Kai ne za ka kunna ta. Yaya, don Allah dubi gindin tankin."

Ya duba. Baba ne can a durƙushe, ya kama makullin bututun da hannu biyu yana juyawa a hankali, fetur yana zubo masa a ka da kafaɗa, rigarsa ta manne a jikinsa. Na ji hannun yayana ya saki a cikin nawa. Na zare makullin.

Muka bi sauran motocin da ƙafa muna ƙwanƙwasa gilashi da tafin hannu, ba mai ɗaga murya. Wani direba da sigari a bayan kunne, ba a kunne ba ma, yayana ya fizge ta ya murtsuke. Can zubar ta ragu, ta koma ɗiga, ta tsaya. Baba ya miƙe ya taho yana taku ɗai-ɗai, idonsa a rufe don zafin man, hannunsa a gaba yana laluben hanya. Mu biyu muka kama shi muka kai bakin famfon ruwa, aka yi ta kwarara masa. Muna nan har masu kashe gobara suka zo suka lulluɓe filin da kumfa.

Da yamma na koma gida, na yi wanka har sau biyu. Yara suka ce yunwa. Na ɗora tukunya a kan risho, na zaro ashana na kai ta jikin akwatin. Na daɗe a tsaye haka, 'yata tana jan zanena tana cewa, "Mama, ki kunna mana." Na mayar da ashanar cikin akwati, na yanka musu burodi.