Kalmasar Wandon Lamba Tara

Wata bakwai ke nan da aka yanke wa Lamba Tara ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, kuma wata bakwai ke nan shi da yayarsa suna rigima a kan wando. Shi ya ce ta sa almakashi ta datse ƙafar hagun duk wandunansa, tunda ba abin da zai cika ta. Ita kuwa tela ce, shekara goma sha biyu tana taka keke, kuma ba ta taɓa yanke yadin da za a iya kalmashewa ba. Sai ta naɗe ƙafar wandon ciki, ta bi ta da dogon ɗinki irin wanda zare ɗaya za ka ja ya warware, ta goge, ta ajiye masa a bakin gado. Ya yi faɗa, ta yi kunnen uwar shegu da shi.

Sunan Lamba Tara a filin ƙwallo ya samo shi, ya bi shi har gida, har Umma ma da shi take kiransa. Motar da ta kwaso shi da 'yan ƙungiyarsu daga wasa ce ta kife. Abokan wasansa sun haɗa kuɗin ƙafar roba sun kai asibiti, asibiti ya sa masa ranar awo sau biyu, sau biyun ya juya fuskarsa bango ya ce barci yake ji. Takarda ta uku tana maƙale a jikin madubin shagon yayar: ranar Alhamis ta ƙarshen wata, in bai zo ba a ba na bayansa gurbin, shi kuma sai baɗi. Kullum ta ɗaga kai daga keke sai ta yi ido biyu da takardar nan.

Shagon nata a gaban gidan yake, bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin ƙanen, don haka ta san shirunsa kamar yadda ta san ƙarar kekenta. Wata rana da yamma tana haɗa hannun riga sai ta ji murya ta bango: "Ba ni! Gola, ba ni nan!" Ta ɗauke ƙafa daga keken. Rabonta da jin wannan muryar tun kafin hatsarin. Ashe abokan, da ya hana su zuwa duba shi, sun ja shi cikin wasan ƙwallo na kwamfuta da suke bugawa tare kowa daga gidansu. Ba a yi minti biyar ba muryar ta ɗauke, sai ƙarar wani abu da aka yi jifa da shi.

Ta same shi yana rufe kwamfutar da tawul.

"Me ya faru kuma?"

"Tsayawa take yi. Ƙwallo tana ƙafata hoton ya daskare, kafin ya motsa an zura mana biyu." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Kin gani ko, Yaya? Ko a cikin kwamfuta ma gurgu ne ni."

Maganar ta soke ta, amma ba ta nuna ba. Ta ce, "To mene ne maganinta?"

Don ya rufe mata baki ya ɗauko waya ya nuna mata hoton wani abu baƙi mai fanka uku da fitilu kala-kala. Ya ce katin hoto ke nan, shi ke ɗaukar nauyin wasa, kuma kuɗinsa ya fi na kekenta. Ta ce to. Da ta koma shago ta rubuta sunan katin a bayan littafin awo, harafi bayan harafi, a ƙasan awon wata amarya.

Akwai 'yan kuɗin da take tarawa don ta sa wa keken mota, ƙafafunta su huta. Ta yi shawara da zuciyarta kwana ɗaya, zuciyar ba ta ja da ita ba. Amma tela ba ta zuwa kasuwa da ka. Washegari da safe, da ya shiga wanka, wanda yanzu yake ɗaukarsa kusan awa, ta lallaɓa ɗakinsa da ƙaramin sukudireban keke, ta kwance murfin akwatin kwamfutar. Ƙura a ciki kamar an sheƙa auduga. Ba ta san sunan komai ba, don haka ta yi abin da ta sani: ta zaro tef daga wuyanta ta auna tsawo, ta auna faɗi, ta auna zurfi, ta ɗauki hoton duk inda ta ga rubutu, ta mayar da murfin da tawul ɗin yadda ta same su.

Layin masu kwamfuta ya fi layin 'yan yadi hayaniya. An kwatanta mata shagon wani da ake kira Injiniya, a saman bene, a ƙarshen wata matsattsiyar matakala. Mutum ne mai tumbi, tabarau a goshi, yana zaune a kan mataccen firinta tsakanin tulin wayoyi. Ta karanta masa sunan katin. Fuskarsa ta washe.

"Anti, kin taki sa'a. Akwai na hannu guda ɗaya, kamar sabo."

Ya faɗi kuɗin. Daidai da abin da ke jakarta ne, kamar ya leƙa. Har ya fara naɗe shi a leda ta ce, "Dakata, Malam." Ta zaro tef ta ɗora a kan katin. Inci goma sha biyu da rabi. Ta buɗe littafinta.

"Cikin akwatin namu inci tara da rabi ne. Wannan a ina zai zauna, a kan cinyarsa?"

Injiniya ya sauko da tabarau kan hancinsa. Ya ce shekararsa goma sha biyar a layin nan, bai taɓa ganin wanda ya zo da awo ba. Sai dai mutum ya saya, bayan kwana uku ya dawo yana rantse-rantse wai katin ya ƙi shiga. Ya karɓi wayarta ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wani, ya sosa ƙeya.

"Ko ya shiga ma ba zai yi ba. Kin ga wannan ɗan akwatin? Shi ke raba wa komai wuta. Ƙarfin naku ɗari uku ne. Katin nan in bai samu ɗari bakwai ba, wasa na yin zafi komai zai ɗauke."

"Ka san da haka kake naɗe min?"

"Ai ke kika ce shi kike so, Anti."

"Ni in mutum ya kawo min yadi ya ce in yi masa rigar da ba za ta shige shi ba, ni nake gaya masa, ba sai ya je gidan biki ta yage ba."

Kunya ta kama Injiniya, kuma a yaba masa, mutum ne mai jin kunya. Ya share mata kujera da hannunsa, ya ce ta zauna su yi abin a tsanake. Ya tambaye ta wane wasa ne, ya tambayi girman allon, ya sake duba hotunan. Ya ce ƙwaƙwalwar kwamfutar ba ta tsufa ba, a bar ta. Abin da ke daskarar da hoto biyu ne: katin da ke ciki ƙarami ne ƙwarai, sannan ram, wato wurin da kwamfuta ke baza aikin da take kai, guda ɗaya tal aka sa mata. Yayar ta gane wannan nan take, don ta san wahalar yanka babbar riga a kan ƙaramin tebur.

Ya ɗauko wani kati mai fanka biyu, na hannu, ba fitila ba ado. Ta auna: inci takwas. Ya ɗauko ram irin na cikin hoton. Saura akwatin wuta, ya ajiye mata guda biyu. Ɗaya zai ɗauki wannan katin cif-cif, kuma kuɗi zai yi saura a sayi fankoki masu fitilu, waɗanda a cewarsa samari ke mutuwa a kansu. Ɗayan mai ɗari bakwai da hamsin ne, sabo a kwali, amma in ta ɗauke shi kuɗin motar komawa gida kawai zai rage mata.

Ta ɗaga na farkon, ta ɗaga na biyun, ta ji bambancin nauyi. Ta tuna ƙanen nata yana ɗan shekara goma, lokacin da ta fara koyon ɗinki a kan kayan makarantarsa, yadda take barin inci biyu a naɗe a ƙafar wando, duk shekara ta saki kaɗan. Ta tura masa mai nauyin.

"Me zai yi da wutar da ba ya buƙata?" in ji Injiniya.

"Kalmasa ce. Yau ba ya buƙata."

Ba ta biya ba sai da ya haɗa katin a tasa kwamfutar ya kunna wasan ƙwallon. Ta zauna minti ashirin cur tana kallon 'yan mutane suna gudu a allo, tana jiran su daskare, ba su daskare ba. Lokaci-lokaci ta kai bayan hannunta kusa da fankar yadda take gwada dutsen guga. Injiniya ya ce in ta gaji da ɗinki ta zo ya ba ta aiki.

A gida kuwa ba ta samu ko sannu ba. Lamba Tara ya juya katin a hannunsa ya ajiye.

"Ba wannan na nuna miki ba. Wannan ai katin tsofaffi ne. Wa ma ya aike ki? Kuɗin motar keken kika kashe, ko?"

"Kuɗina ne ko naka?"

"An cuce ki, Yaya."

Ranta ya ɓaci sosai, har ta ji hawaye na neman zuwa. Ta cire tef ɗin daga wuyanta ta jefa masa a kan gado tare da littafin awon. "Ga shi nan. Wanda ka nuna min sha biyu da rabi ne. Auna akwatinka, in ya shiga ka kira ni maƙaryaciya."

Kwana biyu kwalayen suna nan a bakin gado. Ranar Litinin da hantsi tana yanka ta ji ƙarar murfin ƙarfe ta bango, sai tari, alamar ya gamu da ƙurar. Ta ci gaba da yankanta kamar ba ta ji ba. Can ya ɗaga murya: "Yaya! Zo min da hantsakin nan naki."

Wani ɗan sukuru ne ya faɗa masa lungu. Ta same shi zaune a ƙasa, ya miƙe ƙafa ɗaya, kayan kwamfuta kewaye da shi, tef ɗinta a wuyansa. Ta ciro sukurun, ta riƙe masa wayoyi yana ɗaurewa. Da ya zo kan akwatin wutar ya karanta rubutun jikinsa, ya sake karantawa.

"Ɗari bakwai da hamsin? Wannan ai har wancan babban katin zai ɗauka. Me ya sa kika sayi mai ƙarfi haka?"

"Yau kaɗai za ka yi wasa? Ran da ka samu hali ka canja akwati, ka sa wanda ranka ke so. Wutar tana nan tana jiranka."

Ya daɗe yana kallon abin, daga nan idonsa ya sauka kan ƙafar wandonsa da ke naɗe a gwiwa. Ita ma ta ga inda ya kalla, ta tattara hantsakinta ta fita.

Da yammar ranar bangon shago ya sha ihu. "Gola, ka gani? Ka ga wannan? Ku ce min gurgu yanzu!" Muryar Gola, abokin wasansa, ta fito ta sifika tana cewa ai sa'a ce, a sake. Aka sake. Umma ta leƙo shagon tana goge ido da gefen mayafi, ta ce yaron nan zai tara musu maƙwabta. Talata ma haka, Laraba ma haka. Amma maganar asibiti ko sau ɗaya bai ɗauko ba, ita ma ta kama bakinta, don ta san in ta taɓa zai noƙe. Daɗin ihun bai hana ta kallon takardar madubi ba.

Ranar Alhamis da safe ta buɗe shago ba ta da kuzari. Ta zauna ta kasa ko zura zare. Sai ta ji ƙwas, ƙwas na sanduna a kan siminti, ba ta wajen banɗaki ba, ta wajen ƙofarta. Wata bakwai bai tako shagon nan ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi wanka, ya taje kai, baƙin wandonsa na fita a saɓe a kafaɗa. Da ta ga wandon ta ɗauka maganar almakashi ce ta dawo, ta fara haɗa amsa a ranta.

"Gola zai zo da mota ƙarfe tara," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ba ni takardar." Ya miƙo wandon. "Wannan kuma ki warware min."

Ta karɓa. "Yau awo kawai za su yi fa. Ƙafar sai nan da sati uku ko huɗu."

"Na sani. Ki warware dai, ki rataye min inda zan riƙa ganinsa."

Ta juya ƙafar wandon, ta nemo bakin zaren da farce, ta ja. Ɗinkin ya bi hannunta tsaf har ƙarshe, yadin ya sauko da tsawonsa, ba abin da ya ragu sai layin naɗi a gwiwa. Ya ce layin nan zai fita kuwa? Ta ce wanda ya fi shi daɗewa ma ta fitar. Ta ciro takardar daga madubi ta ba shi, ta juya baya don kada ya ga fuskarta, ta jona dutsen guga.