Kircin Zarah

Tun da sanyi ya shigo Deptford, can ƙasar Turawa, kirci ya kama Zarah a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa, tana susa har sai ta fidda jini. Kakarta Hajiya Karimatu, wadda ta yi ritaya daga koyar da kimiyyar sinadarai a Zariya, ta zuba wa surukarta Fauziyya ido. Kullum sai Fauziyya ta ɗura wa yarinyar ruwan 'ya'yan itatuwa, ta bi ta da shafa wani mai na koren shayi, wai yana da sinadarin kare jiki da ake kira antioxidant.

Ran nan dai Hajiya ta gaji da shiru. "Maman Zarah, me wannan man yake yi ne?"

"Yana kwantar da kumburin fata, Mama. Kowa ya sani."

"Shi kowan a ina ya yi karatu? Ni na koyar da sinadaran nan tun ba a haife ki ba. A kwalbar gwaji suna aiki, ban musa ba. A fatar yaro kuwa, masu binciken da kansu cewa suke da sauran aiki. Ki ci gaba da ba ta lemonta, abinci ne. Ina man da likita ya rubuta?"

Fauziyya ta sunkuyar da kai. Yana cikin jaka, ko buɗe shi ba ta yi ba.

"Steroid ne fa, Mama, irin wanda mata ke bilicin da shi. In muka je gida hutu ta yi haske, dangin babanta za su ce ina shafa wa 'yata mai."

"Dangin babanta ai ga su zaune a gabanki," in ji Hajiya tana dariya. "Masu bilicin mai ƙarfi suke laftawa, duk jiki, shekara da shekaru. Wannan ɗan kaɗan ne, a inda ya tashi kawai. Amma ni ma kada ki yarda da ni. Kira mai ba da magani ki tambaya."

Fauziyya ta kira, ta yi tambayoyi har da waɗanda Hajiya ba ta yi tunaninsu ba. Da la'asar ta shafa wa Zarah man da kanta.

Sati bai zagayo ba sai ga Zarah kwance a kan kafet tana zane, hannu biyu duk suna aiki, ba susa. Hajiya ta ja ta bakin taga, ta juya hannun a haske, ta daɗe tana dubawa.

"Baƙa wuluk kamar ubanta," ta ce. "Maman Zarah, zo ki gani."