Auren Tsakiyar Fim

Ranar da aka cire wa Iya yanar ido, likita bai gama manna mata bandeji ba ta faɗi abin da take so ta fara gani. Ba jikokinta ta ce ba. Ba kuma fuskar mijinta ba, wadda ta ce ta haddace ta tuntuni, ba ta kuma sa ran ta gyaru. Mai Guga ta ce a nemo mata.

Mai Guga wani tsohon fim ne na Indiya, baƙi da fari, na ban dariya. Sunansa na ainihi ba wanda ya taɓa iya faɗa, shi ya sa mutanen gari suka raɗa masa wannan. Mijin Iya, wanda har yau ake kira Ofareta ko da yake an rushe silimar an jera shagunan taya a wurin, shi ya haska shi shekara goma sha takwas. Duk sa'ad da sabon fim ya ƙi zuwa, ko ya zo mutane suka ƙi shi, manaja zai leƙo ɗakin majigi ya ce, "Sauko mana da Mai Guga." Kuma benci bai taɓa rasa masu zama ba.

Faifai shida ne, kowanne a gwangwaninsa, da lamba da jan fenti a murfi. Maigidan Ofareta da ya koya masa aiki shi ya rubuta lambobin. Labarin kuwa Ofareta zai iya ba da shi ko daga barci aka tashe shi. Wani siririn saurayi ya haɗu da 'yar wani attajiri mai tumbi a tashar bas, suka yi faɗa, suka yi waƙa, aka ɗaura aure. Daga nan wani rubutu ya fito, a kunna fitila, a huta, a sayi gyaɗa. Bayan hutu kuma sai ga amarya a gidan ubanta tana fushi, ango ya manna gashin baki na ƙarya, ya ɗauki dutsen guga, ya shiga gidan surukinsa a matsayin mai wanki don ya lallashi matarsa. Ya ƙone wandon attajiri, gashin bakin ya faɗa a butar shayi, aka koro shi cikin ruwan sama, ita kuma tana murmushi ta taga. Nan faifai ke ƙarewa. Mutane su fito suna gardama: za ta koma ko ba za ta koma ba?

Iya dai ta san amsa. A shekara ta biyar da aurensu ta kwashe 'ya'ya biyu ta tafi gidansu, ta ce ta gaji da mijin da ya fi sanin majigi da iyalinsa. Aka aika manya, ta ƙi. Sai ga Ofareta wata safiya a ƙofar gidan da dutsen guga na aro, yana kiran ko akwai wanki. Mahaifinta ya biyo shi da sanda har bakin titi. Ita kuwa dariya ta kusa kayar da ita, washegari ta dawo da kanta. Tun daga ranar, duk amaryar da ta kawo mata ƙarar miji sai ta ce, "Ki duba ko zai iya yi miki abin da Mai Guga ya yi wa matarsa. Namiji ya bi budurwa ba komai ba ne. Wanda ya bi matarsa shi ne mutum."

Mijin autarsu, wanda suke kira Ticha, ya kwashe mako biyu yana laluben fim ɗin a waya, Ofareta na kwatanta masa tumbin attajiri da hannu. Ran Alhamis da la'asar ya aiko cewa an samu, Baba ya zo ya tabbatar kafin a cire wa Iya bandeji ran Asabar.

Ofareta ya zauna a falon Ticha, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Kiɗan farko na tashi ya gane shi. Shi ne. Ga tashar bas, ga siririn saurayi, ga laimarsa da ba ta buɗuwa. Har da rubutun Turanci a ƙasa, wanda Ticha ke karantawa a hankali. Faifai na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Ofareta ya gyara zama yana jiran masu kiɗan biki.

Sai ga saurayi yana manna gashin baki.

"Tsaya, tsaya! Ka tsallake."

"Ban taɓa komai ba, Baba."

"Ina auren? Ai nan ake ɗaura aure."

Ticha ya ja fim ɗin gaba da rimot, hotuna na gudu, har can ƙarshe. Ga bikin nan, ga furanni, ga attajiri yana kuka. Ga rubutun nan ya fito.

"Yawwa, ka gani. Hutu ke nan. Sun kai shi baya."

Ticha ya sosa ƙeya. Yaro ne mai ladabi, bai saba musu da suruki ba. "Baba, wannan rubutun ba hutu yake cewa ba. Cewa ya yi an gama."

"An gama me?"

"Fim ɗin."

Ofareta ya dubi talabijin, ya dubi Ticha, ya sake duban talabijin. Ya ce 'yan zamani ne suka yanka shi suka lilliƙa yadda suka ga dama. Ya ce shi da hannunsa ya ɗora faifan nan sau fiye da ɗari uku. Ticha ya tsayar da hoton a kan attajiri a wajen biki, ya nuna da yatsa.

"Baba, dubi wandonsa. Ga shatin dutsen guga nan a baya. In da biki aka fara, wa ya ƙone shi?"

Ofareta ya san shatin nan. Gari duka ya san shi. A lokacin sun yanke cewa attajirin haka Allah ya yi shi, ba ya dace da masu wanki, duk wandunansa a ƙone suke. Har wani mai kanti aka riƙa kira da Ƙonannen Wando saboda tumbinsa. Ya buɗe baki zai faɗi haka, sai ya ji maganar ba ta da ƙafar tsayawa. Can ya tuna ranar da gwangwanayen suka iso, takardun jikinsu duk ruwa ya cinye, maigidansa yana ɗaga kowane faifai a hasken taga yana ƙanƙance ido, sannan ya tsoma buroshi a fenti. Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba sai lambobi.

"To in haka ne," in ji shi a hankali, "lokacin da ya shiga gidan da guga, ba matarsa ba ce?"

"Budurwa ce, Baba. Uban ne ya hana shi ita."

"Fushin da take yi fa?"

"A rubuce an ce ƙawarta ce ta ɓata mata rai."

Ofareta ya fito bai ko yi sallama da autarsa ba. Ya bi ta gaban shagunan taya, ya tsaya daidai inda matakalar ɗakin majigi take a da. Wato shekara goma sha takwas yana ɗaura wa mutane aure kafin su nema. Wato sandar da ya sha a bakin titi, kwaikwayon abin da ba a taɓa yi ba ne. Wannan bai dame shi ba kamar tunanin Iya. Shekara shida tana cikin hazo, ranar farko da za ta ga duniya sosai kuma a nuna mata cewa mutumin da take kafa wa amare misali da shi saurayi ne kawai mai bin budurwa, kamar kowane ɗan iska.

Ran Juma'a ya koma wurin Ticha da takarda da biro. Suka zauna suka auna inda kowane faifai ya ƙare, Ticha na rubuta mintoci. Shirin shi ne: in na biyu ya ƙare, Ofareta zai yi tari, Ticha ya tsallaka zuwa biki, rubutu na fitowa a ce hutu, auta ta kawo shayi, sannan a dawo baya.

"Baba, wannan ba yaudara ba ce kuwa?"

"Aiki ne. Kai dai ka riƙe takardarka."

Asabar da hantsi aka dawo daga asibiti. Iya ta shigo falon sanye da baƙin tabarau, tana duban komai kamar mai duba gidan haya. Ta ce labulen auta ya yi datti. Ta ce wa mijinta, "Malam, ashe haka ka tsufa? Ba wanda ya gaya mini." Aka zaunar da ita gaban talabijin, aka saki labule.

Tun laima ta ƙi buɗuwa ta fara dariya, tana dafe gefen idon da aka yi wa aiki, auta na cewa, "Iya, a hankali, likita ya hana." Ofareta kuwa ba fim yake kallo ba, ƙarshen faifai na biyu yake jira. Da lokaci ya yi ya yi tari.

Ticha na can baki buɗe yana dariyar kwandastan bas. Ofareta ya sake tari, da ƙarfi.

"Ku ba Malam ruwa," in ji Iya, ba ta ko juyo ba.

Ticha ya zabura, ya lalubi takarda, ya danna. Fim ya koma tashar bas. Ya sake dannawa, sai ga ruwan sama. Ya sake, rubutun ƙasa ya rikiɗe zuwa wani yare. Iya ta miƙa hannu.

"Kawo abin nan. Ni idona aka gyara ko kanku aka kwance?" Ta sa auta ta mayar da shi inda aka tsaya, ta tura rimot ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kai.

Haka fim ya tafi a kan hanyarsa ta gaskiya, Ofareta na zaune kamar mai jiran hukunci. Saurayi ya manna gashin baki. Ofareta ya saci kallon Iya. Ta ɗan karkata kai, goshinta ya tattare. Da hayaƙi ya tashi daga wandon attajiri ta fashe da dariya har tabarau ya zame. Da gashin baki ya faɗa a buta, attajiri ya kurɓa ya tsaya yana tauna, Ofareta kansa ya ji dariya ta ƙwace masa, ya rasa ko ta me yake yi. Aka koro mai guga cikin ruwa, yarinya ta yi murmushi ta taga. Iya ta fara laluben takalminta. Sai fim ya ci gaba. Ta koma ta zauna. Aka yi biki, rubutu ya fito, allo ya yi baƙi.



"To, an yi hutu," in ji Iya. "Ina sauran?"

Ofareta ya murza hularsa. "Babu saura, Iyan yara. Nan ne ƙarshe. Mu ne muka... ni ne na riƙa sa shi a juye. Lambobin gwangwanin ne ba daidai ba. Lokacin da ya je da guga bai aure ta ba tukuna."

Ta cire tabarau, ta dube shi da sabon idon, ja-ja da shi yana hawaye saboda haske. Ta daɗe tana dubansa.

"Wa ya gaya maka?"

"A rubuce yake. Ticha ya karanta."

"Ticha ya taɓa shiga silima? Ni sau goma sha ɗaya na ga fim ɗin nan, lokacin idona na ido. Ka dubi yadda yarinyar nan ke harararsa. Budurwa ce za ta harari namiji haka? Wannan harara sai wadda ta wanke masa kaya."

"Amma Iya, wandon..." in ji Ticha.

"Kai rufe mini baki da wando. Mutum mai kuɗi haka wando ɗaya gare shi?"

Ofareta ya nemi alama a fuskarta, ko da gaske take, ko rufa masa asiri take yi a gaban yara. Shekara arba'in da bakwai suna tare, ya kasa ganewa. Ita kuwa ta zaro rimot ta jefa wa Ticha a cinya.

"Ku da kuka ɓata shi, ku gyara. A fara daga farko, kuma a sa auren inda yake. Malam, gaya masa."

Ticha ya buɗe takardarsa, ya ɗaga kai yana jira. Ofareta ya jawo kujerarsa kusa da talabijin, ya ce a sa na ɗaya tukuna, sauran zai faɗa in an je wurin.