Abin da Rabo Ya Ce

Sunana Mahamudu, amma har na shekara ashirin da ɗaya ban taɓa jin sunan nan daga bakin mahaifiyata ba. Ni ne ɗanta na fari, kuma Inna Kubura ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Sunana a wurinta "wancan". In tana cikin raha, "wancan na lakwal", wato na makarantar boko. Ba ta yi mini magana kai tsaye. Ko ina zaune taku biyu daga gare ta, sai ta dubi ƙanwata Uwani ta ce, "Ki ce ma wancan tuwo na hucewa." In Uwani ba ta nan, ta gaya wa bango. Akwai ranar da saƙo ya iso mini ta hannun akuya, wai a gaya wa wancan ya cire takalminsa daga bakin randa.

Kowa a unguwarmu a garin Ƙonni ya san al'ada ce, ba ƙiyayya ba. Sai dai sauran iyaye mata sukan sassauta in yaro ya yi gemu, su ɗan laƙa masa wani suna, su tambaye shi ya hanya. Inna ba ta sassauta ba. Ina dariya in abokai sun tsokane ni, amma gaskiya abin yana ci mini rai. Nakan ga yadda take jan kunnen ƙannena, tana zaginsu da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, in ji ina ma ni ake zagi.

A shekarar 1987 na ci bak, jarrabawar gama sakandare, a lise ta Tawa, aka ba ni bursu, wato tallafin karatu, zuwa Rasha in karanta aikin ruwa. Shekara shida, ba zuwa gida. Tafiyar ta faɗo daidai da Babbar Salla: ranar uku ga Salla zan hau mota zuwa Yamai, daga can sai jirgi. Babanmu direban kamiyo ne, babbar motar kaya, shi ya riga ya sallame ni irin tasa sallamar. Yana dukan taya da ƙafa ya ce, "Allah shi yi albarka," yana kallon tayar. Na karɓa, don na san ba tayar yake nufi ba. Daga wajen Inna kuwa shiru. Ta soya mini nama, ta daka mini yaji, duk ta hannun Uwani. Ni kuma kalma ɗaya nake so daga bakinta zuwa kunnena, ba ɗan aike. Shekara shida ba kwana shida ba ce, kuma ina tsoron in tafi ban ji ba, in dawo ban tarar ba.

Yayan Inna, Kawu Sallau, yana saro kayan gyaran mota daga Illela ta Najeriya. A shekarar ya sayo bidiyo, na biyu ko na uku a duk unguwar, ya ɗinka masa riga ta leshi don kada ya sha ƙura. Ranar biyu ga Salla, bayan an sauke raguna daga wuta an gama rabon nama, ya aika dangi su zo da azahar. Wani abokinsa ya kawo masa kaset daga Yamai, da Faransanci. Ya kalle shi sau uku bai gane komai ba, ban da cewa akwai taurari da gudu.

"Kai ad da lakwal," ya ce mini. "Yau za mu ci moriyar boko. Zamna nan gaba ka hwassara muna."

Na zauna ina hura hanci. Irin waɗannan labarai na jiragen da ke ratsa taurari na karanta su da yawa a ɗakin littattafan lise, waɗansu bangonsu ya yage, waɗansu ƙarshensu ya ɓace sai dai mutum ya ƙarasa da kansa. A ganina duk Ƙonni babu wanda ya san sama kamar ni.

Inna ta shigo da kwanon soyayyen nama, barka da Salla kawai ta kawo wa yayanta. Ta ce ba za ta zauna ba, ta bar mai a kan wuta. Sai ta zauna a bakin ƙofa, a gefen tabarma, ta ba talabijin rabin fuska, wai tana duba hadari.

Labarin na wani jirgi ne mai girman gari guda, yana tafiya zuwa wata duniya. Tafiyar ta shekaru ce masu yawa, saboda haka an kwantar da fasinjoji duka a akwatunan ƙanƙara, suna barci har a isa. Sai akwati ɗaya ya lalace, jaririn da ke ciki ya farka. Babu kowa a farke cikin jirgin sai wani mutum-mutumin ƙarfe mai shara da gyaran wayoyi. Dogo ne, kansa kamar an kifa tukunya, da ido ɗaya ja a tsakiya. Shi ya ɗauki jaririn.

"Wanga shi aka ce ma robo," in ji Kawu, yana nuna ilimin kallo uku.

"Rabo?" in ji Inna daga bakin ƙofa, tana kallon Uwani. "Ashe da suna nai. Allah sarki, Rabo."

Aka fashe da dariya. Na buɗe baki zan gyara, Kawu ya taka mini ƙafa. Daga nan har aka tashi, Rabo ne sunansa.

Yaro ya yi wayo, ya fara gudu a cikin jirgi. Ya gano sunansa a rubuce jikin akwatinsa, wani sunan Nasara mai daɗin faɗa. Amma Rabo bai taɓa kiransa da shi ba. Kullum sai, "Fasinja mai lamba tara, lokacin cin abinci ya yi. Fasinja mai lamba tara, sauko daga nan." Wata rana yaron ya fusata, ya jefe shi da cokali, yana ihu yana faɗin sunansa. Rabo ya tsinci cokalin ya ce, "An ji, Fasinja mai lamba tara."

Na fassara, na kuma ƙara nawa. Na ce ku gane, wannan inji ne, ba shi da zuciya. Ba ya so, ba ya ƙi, lamba kawai ya sani. Yaron nan maraya ne ko da yana da mai ba shi abinci. Na faɗe shi da zafi fiye da yadda labarin ya nema, har Uwani ta ɗago ta dube ni.

Ban lura ba ashe Inna ta bar duban hadari. Ta juyo gaba ɗaya.

"Uwani, tambayi wancan. Yaron ga, shi na ɗan hwari ga Rabo?"

"Ki ce mata inji ba shi haihuwa," na ce wa Uwani.

"Wa yar rene shi?"

"Rabo."

"Akwai wani gaba nai?"

"Babu."

"To," in ji Inna, ta gyara zama. "Ɗan hwari na. Mutum na da kunya, ku ce ba shi da zuciya."

Kawu Sallau ya yi dariya har da tari. Shi ma ɗan fari ne, kakarmu ta rasu tana kiransa "mai shago". Ya ce, "Ci gaba, malam. Yau ka gamu da wadda ta hi ka Faransanci."

Daga nan fassara ta zama biyu. Ni ina faɗin abin da aka ce, Inna tana gaya wa Uwani abin da ake nufi. Rabo ya ajiye wa yaro abinci ya juya baya, na ce zai koma aikinsa ne, Inna ta ce a'a, ba a tsare ɗan fari da ido yana ci. Yaro ya yi zazzaɓi, Rabo ya tsaya yana karanto zafin jikinsa da lambobi, murya ba hawa ba sauka. Na ce kun ji ko, ko a jikinsa. Inna ta ce, "Bar sauraren baki nai, Uwani, dubi ƙahwahu. Tun ɗazu ya kasa tsayawa wuri guda." Na duba. Wallahi yana ta kai da kawowa tsakanin gado da ƙofa. Sau da yawa ina karanta irin wannan a littafi, ban taɓa tunanin kallon ƙafa ba. Na ce ai wayarsa ce ta taɓu. Inna ta yi tsaki, ta ce wa bango boko bai hana wauta.

Aka kira la'asar, Kawu ya tsayar da kaset, ya mayar wa bidiyo rigarsa har a idar. Na ɗauka Inna za ta koma wajen man da ta bari a kan wuta. Da muka dawo daga masallaci sai na tarar ta yi sallarta a ɗakin matar Kawu, ta dawo ta matso tsakiyar tabarma, ta kori yara biyu daga inda suke tare mata Rabo. Ta ce man ya ƙone in ya ga dama.

Yaro ya girma ya zama saurayi kamar ni. Sai wani dutse ya bugi jirgin, wuta ta kama. Fasinjojin da ke barci, akwatunansu suka fice da kansu zuwa duniyar da ake nufa, wadda ta riga ta bayyana shuɗiya a taga. Saura saurayin, da ɗan ƙaramin jirgi mai kujera ɗaya. Ƙofarsa ta lalace, dole sai wani ya tsaya daga waje ya riƙe ta har ta kulle. Rabo ya ɗauki saurayin cak, ya zaunar da shi, ya fita ya kama ƙofar. Saurayin yana kuka yana roƙo, ka faɗa mini wani abu, ko sau ɗaya, kafin in tafi.

Ko masu taunar nama sun dakata. Rabo ya yi magana, gajeriya, sannan wani ƙara ya biyo baya daga ƙirjinsa, ƙit, ƙit, ƙit.

"Mi yac ce?" in ji Kawu.

Na ce, "Ya ce ƙohwa za ta ruhe cikin daƙiƙa goma. Hwasinja shi ɗaura bel." Iyakar abin da ya ce ke nan, ban rage ba, ban ƙara ba. Na ji haushin Rabo kamar in fasa talabijin, kuma na san ba shi kaɗai nake jin haushi ba.

"Uwani," in ji Inna. "Ki ce ma wancan bai iya hwassara ba. Ba haka Rabo yac ce ba."

Ba ta kalli kowa ba. Idonta na kan gilashin talabijin, hannunta na murza bakin zane.

"Cewa yay yi, tahi, Allah shi kiyaye hanya. Inda za ka an ce akwai sanyi mai kisa, ka ruhe ƙirji da kunnuwa. Kak ka ci naman da ba ka san wa yay yanka ba. Kak ka bar salla, ko rana ta ƙi hitowa. In kewa ta kama ka, kak ka yi ta maza, ka rubuto takarda, akwai mai karanta min. Na yahe maka duniya da lahira. Tun randa anka aza min kai bisa hannu, ban kwana ba ka cikin raina ba." Ta yi gyaran murya. "Kuma ya kira suna nai. Wanga ƙit-ƙit da kuka ji cikin ƙirji, mi kuka tsammani shi na? Kullum shina kira, ku na ba ku da kunne."

Matar Kawu ta ce amin a hankali, sauran mata suka amsa. Kawu Sallau, mai dariya tun azahar, ya cire hula yana duba cikinta kamar ya ajiye wani abu a can.

Ƙofa ta kulle, ƙaramin jirgi ya tashi. Saurayin yana dukan gilashi yana ihu, kalma ɗaya yake ta maimaitawa, a'a, a'a, a'a. Babu wanda ya tambaye ni, amma ni ne mai fassara, kuma hawaye sun riga sun tona mini asiri.

"Yaron ya ce ya jiya," na ce, ni ma ina kallon talabijin. "Ya ce zai ruhe ƙirji, zai rubuto takarda duw wata. Ya ce a yahe mishi, shi yaro na, baki yaka saurare bai duba ƙahwahu ba. Ya ce a jira shi, don Allah a jira shi, zai komo."

Rubutun ƙarshen fim ya fara hawa, kiɗa ya tashi, yara suka ruga waje suna tafiyar Rabo. Inna ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta juye naman a kwanon matar Kawu ta ɗauki nata. Ta sa takalmi ba gaggawa. A bakin ƙofa ta tsaya, ta ɗan karkato kai, ba ta kai ga dubana ba.

"Yanzu ka iya," ta ce.

Uwani na zaune a gefena, kafaɗarta na taɓa tawa, amma ba ta wurinta saƙon ya biyo ba.