Dalmar Yaya

Kwalabe uku ke kan teburin wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji: ƙurar masana'antar fenti, ƙurar farfajiyar Yayanta, da ɗan jinin da aka ɗiba daga 'yar Yayan kwana biyu kafin ta rasu. Ma'aikaciyar ta maimaita awon har sau uku, ko Allah zai sa injin ya yi kuskure. Bai yi ba.

Da hantsi ta iske Yaya a bakin murhunsa, yana fasa tsofaffin batura yana narka dalmar ciki. Tun ranar jana'iza bai huta ba. Unguwar duka ta ɗora wa masana'antar laifin gubar dalmar da ke kwantar da yara, shi ne ma kan gaba wajen kai ƙara.

"Malamar kwalabe," in ji shi, "an kama su?"

Ta zauna a kan benci, ta ɗauko zancen daga nesa. Ta ce dalma ba duka ɗaya ba ce. Ƙwayoyin zarrarta iri huɗu ne, isotop ake ce musu. Halinsu ɗaya, sai dai wasu sun ɗan fi wasu nauyi. Yawan kowane iri a cikin cakuɗar shi ke yanke matsakaicin nauyinta. Don haka dalmar da aka haƙo daga wannan rami ba ta zuwa daidai da ta wancan, ko an narka ta sau goma.

Ya yi 'yar dariya, ya ce shekara ashirin yana cin abinci da dalma, bai taɓa jin tana da dangi ba.

"Fito fili, ƙanwata."

"Ta masana'antar daban take, Yaya. Wadda ke jinin yarinyar nan, ta gidan nan ce."

Ya ajiye ludayin ƙarfen a hankali. Ya daɗe yana kallon gindin katanga, inda ƙasa ta yi toka-toka, inda yarinyar kan zauna ta yi wasan girki. Ya tambaya ko wani ya sani. Ta ce gobe rahoton zai tafi ofishin lafiya da sa hannunta. Yaran maƙwabta biyu har yanzu suna asibiti.

Bai roƙe ta ta ɓoye ba. Ya ɗebo yashi ya kashe wutar.

Daga cikin gida matarsa ta ɗaga murya, tana tambaya ko baƙuwar za ta tsaya ta ci abinci.

"Shiga ki ci," ya ce wa ƙanwar, bai dube ta ba. "Bar matata ta ƙara kwana ɗaya tana tsine wa masana'antar."