Kada Ka Sake

A shekarar ƙarin albashin Udoji, lokacin da kowane ma'aikaci a Kafanchan ya sayi wani abu mai taya ko mai magana, Rufus Tagwai, akawu a tashar jirgin ƙasa, ya saya wa 'yarsa Afiniki keke. Ba irin na manyan kantunan Jos ba ne. A kasuwa ya same shi rataye a rumfar mai fitilu da bokitai, ja, ɗan ƙarami, babu sunan kamfani a jikinsa sai hoton wani tsuntsu. Mai rumfar ya ce babu wanda ya kai shi araha a garin, kuma bai yi ƙarya ba.

Sati bai cika ba ƙararrawar ta daina ƙara. Ƙananan tayoyin gefe da ke tallafar mai koyo suka lanƙwashe har ba sa taɓa ƙasa, sai Rufus ya kwance su ya jefa kan rufin kicin. Ya ce da ma 'yar shekara shida ba ta bukatarsu.

Ranar Asabar ya kai ta filin makarantar mishan. Ya riƙe sirdi ta baya, ya yi gudu da ita, ya cire hannu ba tare da ya gaya mata ba, yadda aka yi masa yana yaro. Afiniki ta waiwaya, ba ta gan shi kusa ba, ta kife. Haɓarta ta fashe, gwiwa ta ƙuje.

Uwarta Lai'atu ta wanke ciwon da ruwan gishiri, ta shafa aidin, sannan ta ɗaga kai.

"Baban Afiniki, kada ka sake. Ka ji ni? Idan na ga jini kuma a jikin yarinyar nan, keken zai hau mota zuwa Fadan Kaje, wurin yaran ƙanena."

Rufus mutumin Kagoro ne, Lai'atu 'yar Kaje. Babu mai jin yaren wani sosai, don haka da Hausa aka yi auren, da ita ake zaman. Bakano zai raba saki da sake tun daga muryarsa. A gidansu Rufus duk ɗaya ne: da "kada ka ƙara" da "kada ka cire hannu" baki ɗaya ake faɗinsu. Rufus ya yi tunani a kan maganar, ya ɗauki ma'anar da ta yi masa.

Da ciwon ya bushe ya koma fili da yarinyar. Lai'atu ta biyo su da zani a kafaɗa.

"Ba na ce kada ka sake ba?"

"Ban sake ba, Maman Afiniki. Dubi hannuna."

Ta dubi hannun, yana manne da sirdi. Ta san abin da ta faɗa, shi ma ya sani. Ta juya gida.

Haka aka shiga damina. Kullum ya tashi daga aiki sai ya naɗe ƙafar wando, ya sunkuya bayan keken, su yi ta zagaya filin. Keken kuwa bai fasa halinsa ba. Sarƙa tana zamewa, fentin yana fita a hannu, taya ɗaya sai an yi mata iska duk safiya. Afiniki ba ta faɗi ba, ba ta kuma iya ba. Ta saba jingina da hannun ubanta, ko'ina ta karkata yana nan. Shi ya san in bai bar ta ba ba za ta koya ba, in ya bar ta kuma ta zubar da jini, keken ya tafi.

Maƙwabcinsu Zamani, direban jirgin kaya, yakan tsaya a bakin fili yana cin gyaɗa.

"Akawu, an mai da kai injin baya ne? Mu in mun gama hawan tudu, muna kwance shi ya koma tasha."

"Ina ruwanka."

"Ruwana bayanka. Ka fara tafiya kamar kakana."

Wata Alhamis da yamma matan Zumunta suka fito daga majami'a, Lai'atu a cikinsu, hanyarsu ta gefen filin. Afiniki ta hango su. Ta miƙe tsaye a kan feda don su ga gudunta, ta taka da duk ƙarfinta. Rufus ya ja sirdin baya don ya rage mata gudu. Notin da ke riƙe da sirdin ya saki, sirdin ya zare da sandarsa gaba ɗaya.

Ya tsaya a tsakiyar fili da sirdi a hannu. Keken ya ci gaba.

Yarinyar ba ta san abin da ya faru ba. Ta wuce inda suka saba juyawa, kan keken ya yi rawa, ta daidaita shi. Ta zagaya sandar gola da faɗi, ta miƙo. Sai a nan ta ga ubanta can nesa, a gabanta.

"Kada ki zauna!" in ji Rufus. "Afiniki, kada ki zauna!"

Ba ta zauna ba. Ta matse birki, bai kama sosai ba, ta sauke ƙafa tana jan takalmi a ƙasa har keken ya tsaya daf da matan. Ɗaya daga cikinsu ta yi guɗa, wata ta ce, "Yesu!"

Lai'atu ta miƙa wa ta kusa da ita littafin waƙoƙinta. Ta durƙusa ta duba gwiwoyin yarinyar, da gwiwar hannu, da tafin hannu. Ta ɗaga haɓarta ta juya ta hagu da dama. Babu jini.

Rufus ya iso yana haki. Ta karɓi sirdin, ta jujjuya shi, ta leƙa ramin da ya fito, ta mayar masa.

"Gobe ka kai wa mai gyara. Ka ce ya sa noti na kirki, ya duba birkin ma."

"To."

"Ke kuma tura shi gida. Ba hawa sai an gyara."